Hissene Habre: Mutumin da Ya Faɗi Sau Biyu

A watan Mayun 2001, ma'aikata biyu na ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch, Reed Brody da Olivier Bercault, suka samu izinin shiga wani tsohon gini a birnin N'Djamena wanda aka yi shekara goma ba a waiwaye shi ba. Ginin shi ne hedikwatar DDS, hukumar 'yan sandan ciki ta tsohon shugaban Chadi, Hissene Habre. Abin da suka tarar a ɗakunan ya wuce abin da suka je nema. Takardu ne dubbai zube a ƙasa, ƙura ta lulluɓe su, sai an taka su kafin a wuce. Akwai jerin sunayen fursunoni na kowace rana, akwai rahotannin tambayoyin da aka yi wa waɗanda aka kama, akwai takardun shaidar mutuwa, har da katin shaidar jami'an da suka yi aikin. Da aka tattara su aka tace, sai ga sunayen mutum 1,208 da aka kashe ko suka mutu a tsare, da mutum 12,321 da aka azabtar ko aka tsare ba bisa ƙa'ida ba.

Wanda ya kafa wannan hukuma ba jahilin soja ba ne irin wanda aka saba kawowa a labarin 'yan kama-karyar Afirka. Habre ɗan boko ne, mai karatun Paris, mai son a rubuta masa komai a kawo masa kan tebur ya duba, ya yi rubutu a gefen takarda da hannunsa. Wannan hali shi ya sa mulkinsa ya yi tsanani, shi ne kuma ya kai shi gaban alƙali. Sau biyu ya faɗi: da bindiga a 1990, da takarda a 2016. Faɗuwar farko ta canza wanda ke zaune a fada kawai. Ta biyun ce ta cancanci a tsaya a kanta, domin talakawan da ya taka ne suka kayar da shi.

An haife shi a 1942 a Faya-Largeau, can cikin hamadar arewacin Chadi, a gidan makiyaya na Gorane, wani reshe na mutanen da Hausawan Nijar ke kira Tubawa. Yaro mai kaifin ƙwaƙwalwa, ya shiga aikin gwamnati tun yana matashi, manyansa Faransawa suka lura da shi, ya samu gurbin ƙaro ilimi a Faransa, ya karanta kimiyyar siyasa. Ƙasar da ya dawo ya tarar a 1971 tana ci da wuta. Faransa ta miƙa mulki a 1960 ga François Tombalbaye, ɗan ƙabilar Sara daga kudu, yankin auduga da makarantun mishan, yankin da Turawa suka ɗauka shi ne mai amfani. Arewa da tsakiyar ƙasar, inda Musulmi suka fi yawa, an bar su da masu karɓar haraji masu ɗanyen hannu. A 1965 manoman Mangalme suka yi bore saboda haraji, shekara guda bayan haka aka kafa ƙungiyar tawaye ta FROLINAT a garin Nyala na Sudan. Ƙorafin 'yan arewa na gaskiya ne, kuma duk wanda zai fahimci Habre sai ya fara amincewa da hakan. Bai daɗe da dawowa ba ya ajiye aikin ofis ya bi 'yan tawaye cikin duwatsun Tibesti, inda ya haɗu da Goukouni Oueddei, ɗan Derde, sarkin gargajiyar Teda.

Duniya ta fara jin sunansa ne ta hanyar garkuwa da mutane. A watan Afrilun 1974 mayaƙansa suka afka wa garin Bardai suka kama Turawa uku: likita Bajamushe Christoph Staewen, wanda matarsa ta mutu a harin, da Bafaranshe Marc Combe, da wata masaniyar kayan tarihi, Françoise Claustre. Jamus ta biya kuɗin fansa aka saki likitan. Combe ya tsere. Claustre kuwa ta yi wata 33 a hannun 'yan tawaye. Hafsan sojan da Faransa ta aika ya yi sulhu, Pierre Galopin, kama shi aka yi, aka kashe shi a 1975. Ya kamata a riƙe wannan a zuciya: ƙasar da aka kashe wa manzo ita ce bayan 'yan shekaru ta aiko da jiragen yaƙi don kare kujerar wanda ya jagoranci masu kisan.

Abin da ya raba shi da Goukouni a 1976 shi ne Libiya. Gaddafi ya mamaye zirin Aouzou na arewacin Chadi tun 1973, yana kuma bai wa 'yan tawaye makamai. Goukouni ya ga a karɓi taimakon tukuna, maganar ƙasa ta biyo baya. Habre ya ce ba zai yi shiru a yanki ƙasarsa ba. Aka rinjaye shi, ya fice da 'yan ɗaruruwan mayaƙa zuwa gabas, ya kafa rundunarsa ta FAN. Kishin ƙasar da ya nuna a nan ba na bogi ba ne, kuma shi ne jarin da ya ci da shi har ƙarshen rayuwarsa.

Daga nan sai tsere. Janar Félix Malloum, wanda ya hau mulki bayan sojoji sun kashe Tombalbaye a 1975, ya jawo shi jiki ya naɗa shi firaminista a Agustan 1978. Ko wata shida ba a cika ba, a Fabrairun 1979, dakarun firaminista da na shugaban ƙasa suka kaure da faɗa a tsakiyar N'Djamena. 'Yan kudu suka gudu daga babban birni, a garuruwan kudu kuma aka huce kan Musulmi 'yan kasuwa. A nan ne Najeriya ta shigo. Gwamnatin Obasanjo ta tara ɓangarorin a Kano cikin watan Maris, aka sa hannu kan yarjejeniya, Malloum ya sauka ya yi zaman gudun hijira a Najeriya, sojojin Najeriya suka tafi N'Djamena kiyaye zaman lafiya. Aka sake zama a Kano, aka koma Legas, a watan Agusta aka amince da kafa gwamnatin haɗin kan ƙasa ta riƙon ƙwarya, Goukouni shugaba, Habre ministan tsaro. Zakaru biyu ne aka sa a akurki ɗaya. A Maris na 1980 yaƙi ya sake ɓarkewa, aka yi wata tara ana ruguza birnin unguwa bayan unguwa, jama'a na tsallaka kogi a kwalekwale zuwa Kusiri ta Kamaru, wasu har Borno. Goukouni ya kira tankokin Gaddafi, a Disamba Habre ya tsere.

Da a ce labarin Chadi kaɗai ne, da nan ya ƙare. Amma a Janairun 1981 Gaddafi da Goukouni suka sanar da shirin haɗe ƙasashensu biyu, a watan da Ronald Reagan ya hau mulki a Amurka da niyyar karya Gaddafi. Hukumar leƙen asiri ta CIA ta ga mutumin da take nema zaune a kan iyakar Sudan, mai ƙin Gaddafi, mai iya yaƙi. Kuɗi da makamai suka fara kwarara ta Masar da Sudan. Da Goukouni ya sallami sojojin Libiya a ƙarshen 1981, rundunar Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, wadda ta ƙunshi sojojin Najeriya da Senegal da Zayar, ta maye gurbinsu, amma ba ta ɗauki tare wa Goukouni faɗa a matsayin aikinta ba. Ranar 7 ga Yunin 1982 mayaƙan Habre suka shiga N'Djamena. Cikin kwamandojin da suka share masa hanya har da wani matashi ɗan ƙabilar Zaghawa mai suna Idriss Deby.

Wata bakwai bayan haka, a Janairun 1983, ya sa hannu kan dokar da ta kafa DDS. Dokar ta fayyace cewa hukumar tana ƙarƙashin ofishin shugaban ƙasa kai tsaye. Mutum huɗu suka shugabance ta a tsawon mulkinsa, dukansu makusantansa, ɗaya daga cikinsu, Guihini Korei, ɗan'uwansa ne na jini. A 1984 ya kafa jam'iyya ɗaya tilo, UNIR, wadda 'yan sa-kanta suka zama ido da kunnen gwamnati a kowace unguwa. Maƙwabci ya daina sakin baki gaban maƙwabci. Mutum zai fita sallar asuba ko ya tafi ofis, mota ta tsaya, shi ke nan. Iyalinsa ba su da ikon tambaya, ba su da ikon zaman makoki, domin kukan ma laifi ne.

Akwai wani wurin iyo da aka gina tun zamanin Turawa a harabar hukumar. A 1987 aka rufe samansa da kankare, aka yanka cikinsa ɗakuna goma, aka mayar da shi kurkukun ƙarƙashin ƙasa. Duk wanda ya san zafin bazara a ƙasar Borno ya san na N'Djamena, ya kuma ƙiyasta abin da zai faru da mutum gommai a cushe cikin rami mai rufin siminti a watan Afrilu. Waɗanda suka fita da rai daga gidajen yarin DDS sun ba da labarin yadda ake barin gawa kwanaki cikin ɗaki sai sun taru kafin a kwashe, da yadda wasu ke ɗora kai a kan gawar don ta fi ƙasa sanyi. Azabar da aka fi sani ita ce "arbatashar", wato sha huɗu da Larabcin Chadi: a ɗaure hannuwa da ƙafafu ta baya a ja igiyar har ƙirji ya banƙare, jini ya daina gudu, wasu hannuwansu sun shanye har abada. Akwai ta sanduna biyu da ake matse kai da su ta gefen kunnuwa ana bugawa. Akwai ɗura ruwa, akwai lantarki, akwai cusa bakin mutum a salansar mota a tayar da inji.

Clément Abaifouta ɗalibi ne da ya samu gurbin karatu a Jamus lokacin da aka kama shi a 1985. Shekara huɗu ya yi a tsare, aikin da aka ba shi kuma shi ne binne 'yan'uwansa fursunoni a wani fili da ke bayan gari, Hamral-Goz, wanda aka riƙa kira filin matattu. Rose Lokissim, soja ce mace da aka tsare, ta riƙa rubuta sunayen waɗanda suka mutu a 'yan guntayen takardu tana fitar da su ga danginsu a ɓoye. Aka tona ta, aka kashe ta a watan Mayun 1986. Rahoton tambayoyin ƙarshe da aka yi mata yana cikin takardun da aka tsinta a ƙasa shekara 15 bayan haka, jami'an da suka rubuta shi sun nuna cewa ba ta nuna nadama ba, suka ba da shawarar a hukunta ta.

Shugaban yana sane? Binciken da aka yi wa takardun ya nuna cewa saƙonni 1,265 DDS ta aika masa kai tsaye game da fursunoni 898. Lokacin da ƙungiyar agaji ta Red Cross ta nemi a kai wasu fursunonin yaƙi asibiti a 1984, umarnin da aka rubuta da hannu a kan takardar shi ne kada fursunan yaƙi ya sake barin gidan yarin sai dai in mutuwa ya yi. Masanin rubutun hannu da kotu ta ɗauka daga baya ya tabbatar cewa rubutun Habre ne.

Abin da ya fi ban tsoro a mulkin shi ne yadda laifin mutum ɗaya ke zama laifin ƙabilarsa baki ɗaya. Kudu aka fara da ita. A watan Satumban 1984, wanda mutanen Chadi ke kira Baƙin Satumba, sojojin gwamnati suka shiga murƙushe 'yan tawayen Codos, suka bi malaman makaranta, ma'aikata, sarakunan gargajiya da duk wani ɗan boko na kudu, aka ƙona ƙauyuka. Babban kwamandan sojan ƙasar a lokacin Idriss Deby ne. Sai aka juyo kan Hajarai, mutanen duwatsun Guera waɗanda suka zub da jininsu wajen ɗora Habre kan mulki. Babban ɗansu, ministan harkokin waje Idriss Miskine, ya mutu a Janairun 1984 cikin yanayin da ya bar mutanensa da zargi. Da wasunsu suka ɗauki makami a 1987, aka bi Hajarai gida-gida. A 1989 layi ya zo kan Zaghawa. Kowane zagaye yana cin waɗanda suka taya shi cin na baya.

Duk wannan yana faruwa ne a daidai lokacin da tauraronsa ke haskawa a waje. Faransa ta aiko da dubban sojoji a 1983, ta ja layi a hamada ta ce Libiya kada ta tsallake, ta sake dawowa a 1986 da rundunar Epervier. A 1987 sojojin Chadi suka yi abin da ba wanda ya zata. A kan motocin Toyota a-kori-kura, ɗauke da makaman fasa tanka da Faransa ta ba su, ƙarƙashin jagorancin Hassan Djamous, suka tarwatsa sansanin Libiya a Fada a watan Janairu, suka ƙwace babban sansanin jiragen sama na Ouadi Doum a watan Maris, a Satumba ma suka kutsa cikin Libiya kanta suka far wa sansanin Maaten al-Sarra. Cikin hafsoshin da aka kama har da wani kanar mai suna Khalifa Haftar, wanda yau yake riƙe da gabashin Libiya. Ƙasa matalauciya ta kunyata mai arzikin fetur, kuma jarumtar waɗannan mayaƙa abin yabo ce. A watan Yunin shekarar Reagan ya karɓi Habre a fadar White House. Wato shekarar da aka rufe wurin iyo da kankare, shekarar da ake farautar Hajarai, ita ce shekarar da aka shimfiɗa masa jar darduma a Washington. Ba za a ce ba a sani ba, domin ƙungiyar Amnesty ta yi ta fitar da rahotanni, takardun DDS ɗin kansu kuma sun nuna an kai wasu jami'anta Amurka horo a 1985.

Nasarar ce ta zama masa guba. Yaƙi ya haifi jarumai, shi kuma ba ya iya kwana da jarumi a kusa. Ranar 1 ga Afrilun 1989 aka zargi manyan Zaghawa uku da shirya juyin mulki: Djamous, gwarzon Ouadi Doum, Ibrahim Mahamat Itno, ministan cikin gida, da Deby. An kama Itno, ya mutu a tsare. An cim ma Djamous a hanyar gudu, aka kashe shi. Deby kaɗai ya tsallaka Darfur, inda danginsa Zaghawa ke zaune a ɗaya gefen iyakar, Sudan da Libiya suka buɗe masa hannu. A can waje kuma kasuwar Habre ta fara faɗuwa. Yaƙin cacar baka ya zo ƙarshe, Gaddafi ya lafa, Faransa na ganin ya cika kusantar Amurka, a taron La Baule na Yunin 1990 kuma, da Shugaba Mitterrand na Faransa ya ɗaura taimakon ƙasarsa da tsarin jam'iyyu da yawa, Habre na cikin waɗanda suka nuna ba a isa a koya musu ba. Da Deby ya taso daga gabas a watan Nuwamba, sojojin Faransa da ke ƙasar suka naɗe hannu. Mako uku aka yi. Ranar 1 ga Disamba Habre ya tsallaka Kamaru, daga can ya wuce Senegal. Hukumar binciken da aka kafa daga baya ta ce ya tafi da fiye da sefa biliyan 3 daga baitulmali.

Ƙofofin gidajen yari suka buɗe, mutane suka fito kamar ƙwarangwal. Cikinsu akwai Souleymane Guengueng, akanta a Hukumar Tafkin Chadi, hukumar da Najeriya da Nijar ke cikinta, wanda aka kama a 1988. Ya yi wa Allah alkawari a cikin kurkuku cewa in ya fita da rai zai nemi haƙƙin waɗanda suka mutu a gabansa. Ya kafa ƙungiyar waɗanda aka zalunta, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana rubuta bayaninsu da hotunansu har ya tara fayil 792, ya ɓoye a gidansa.

Dole ya ɓoye, domin faɗuwar farko ba ta taɓa tushen abin ba. Hukumar bincike ƙarƙashin alƙali Mahamat Hassan Abakar ta fitar da rahoto a 1992, ta lissafa sunayen matattu 3,780, ta ƙiyasta cewa adadin gaskiya zai kai 40,000, ta nemi a hukunta masu laifi. Aka ajiye rahoton. Sabon shugaban tsohon kwamandan Habre ne, kuma ya fi son a bar kaza cikin gashinta. Jami'an DDS suka sauya riga suka koma 'yan sanda da sabuwar hukumar tsaro. A 2005 Human Rights Watch ta lissafa 41 daga cikinsu da ke riƙe da muƙamai. Mutum zai je ofis neman takarda ya tarar da wanda ya ɗaure shi arbatashar a bayan tebur. Shi kuwa Habre yana Dakar cikin rufin asiri, farar babbar riga, sahun gaba a masallaci, alheri ga malamai da maƙwabta, masu faɗa a ji suna kare shi.

Kama tsohon shugaban Chile, Augusto Pinochet, a Landan a 1998 shi ya nuna wa lauyoyin Chadi irin su Delphine Djiraibe da Jacqueline Moudeina cewa akwai ƙofa. A Janairun 2000 waɗanda aka zalunta suka shigar da ƙara a Dakar, fayilolin Guengueng na cikin hujjojinsu, a Fabrairu alƙali Demba Kandji ya tuhumi Habre. Murna ba ta daɗe ba. Abdoulaye Wade ya ci zaɓen shugaban Senegal, lauyan Habre, Madické Niang, ya zama mai ba shi shawara, aka ɗauke alƙalin daga shari'ar, kotunan sama suka ce Senegal ba ta da hurumi. A N'Djamena, a watan Yunin 2001, aka jefa wa Moudeina gurneti a wurin wata zanga-zangar lumana ta mata, ta yi fiye da shekara tana jinya. Ba ta janye ba.

Abin da ya biyo baya shekara goma sha biyu ne na jan ƙafa. Masu ƙarar suka tafi Beljiyam, alƙali ya yi bincike shekara huɗu, ya ba da sammacin kama Habre a 2005. Senegal ta ƙi miƙa shi. Tarayyar Afirka ta ce a 2006 Senegal ta yi masa shari'a da sunan Afirka. Wade ya ce sai an ba shi yuro miliyan 27 a hannu tukuna. Shaidu na tsufa, wasu na mutuwa. Sai a 2012 abubuwa biyu suka haɗu: Macky Sall ya kayar da Wade a zaɓe, Kotun Duniya da ke Hague kuma ta yanke cewa wajibi ne Senegal ta gurfanar da shi ba tare da ɓata lokaci ba ko ta miƙa shi. Aka kafa kotu ta musamman da haɗin gwiwar Tarayyar Afirka, aka kama shi a ƙarshen Yunin 2013.

Ranar 20 ga Yulin 2015 aka buɗe shari'a. Da ƙarfi aka shigo da shi, yana ihu yana la'antar mulkin mallaka. Daga nan ya rufe bakinsa, ya naɗe fuskarsa da farin rawani, ya sa baƙin tabarau, ya zauna wata da watanni bai ko juya ya dubi masu ba da shaida ba. Shaidu 93 suka yi magana. Abaifouta ya faɗi yadda ya yi ta haƙa kaburbura. Mata suka ba da labarin yadda aka kai su sansanin Ouadi Doum aka mayar da su bayin sojoji, abin da wasunsu suka shekara kusan talatin ba su faɗa wa ko 'ya'yansu ba. Khadidja Hassan Zidane ta dube shi ta ce shi da kansa ya yi mata fyaɗe. Ranar 30 ga Mayun 2016 alƙali Gberdao Gustave Kam, ɗan Burkina Faso, ya same shi da laifin cin zarafin bil Adama, laifukan yaƙi da azabtarwa, ya yanke masa ɗaurin rai da rai. Kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da hukuncin a Afrilun 2017, ko da yake ta cire tuhumar fyaɗen da ya shafe shi kai tsaye saboda ba ta cikin takardar tuhuma tun farko, ba don ta ƙaryata matar ba. Wannan ne karo na farko da kotun wata ƙasa ta hukunta tsohon shugaban wata ƙasar saboda take haƙƙin ɗan Adam, kuma alƙalan Afirka ne suka yi shi a ƙasar Afirka.

Magoya bayansa, waɗanda har yau suna nan a Chadi da Senegal, suna cewa an hukunta gwarzon da ya hana Gaddafi haɗiye ƙasarsu, Deby ne ya zuba kuɗi a kotun, Turawan da suka ba shi makami kuma ba wanda ya kira su. Rabin maganarsu gaskiya ce. Gwamnatin Chadi ce ta fi kowa ba da kuɗin shari'ar, ta kuma ƙi miƙa wasu manyan jami'an DDS da kotun ta nema, ta gwammace ta yi musu tata shari'ar a gida. Deby, kwamandan Baƙin Satumba, bai taɓa amsa tambayar alƙali ba har ya mutu a fagen daga a Afrilun 2021 bayan shekara 30 a kan mulki, ɗansa Mahamat ya gaje shi. Ba wani jami'in Paris ko Washington da ya tsaya ya yi bayanin abin da ya sani. Wannan giɓi ne babba, kuma abin takaici ne. Amma rashin kama sauran ba ya wanke wanda aka kama. Kare Aouzou bai buƙaci a kashe Rose Lokissim ba. Zirin ma a ƙarshe ba bindiga ce ta dawo da shi ba, hukuncin Kotun Duniya ne a 1994. Waɗanda suka ci Ouadi Doum da jininsu kuwa, wasunsu a hannun Habre suka mutu, Djamous na kan gaba. Kuma ba Deby ne ya fara shari'ar ba, ba Faransa ba ce. Wani akanta ne mai raunin ido da fayilolinsa, da wata lauya mai ɓaraguzan gurneti a ƙafa.

Habre ya mutu a Dakar ranar 24 ga Agustan 2021 sakamakon cutar korona, yana da shekara 79, wata huɗu bayan mutuwar Deby, aka binne shi a maƙabartar Yoff. Bai nemi gafarar kowa a bainar jama'a ba.

Kotun Dakar ta yanke a biya mutum 7,396 diyyar sefa biliyan 82, ta ɗora wa wani asusun Tarayyar Afirka alhakin nemo dukiyar Habre da tara gudummawa. Shekaru suka wuce asusun bai biya kowa ba. Kotun N'Djamena da ta ɗaure jami'an DDS 20 a Maris na 2015 ta umarci a biya sefa biliyan 75, rabi daga gwamnati, a gina wurin tunawa da matattu, a mayar da hedikwatar DDS gidan tarihi. Tsofaffi da zawarawa suka yi ta zaman dirshan a bakin titi a N'Djamena suna ɗaga kwalaye, ana ta binne 'yan ƙungiyar ɗaya bayan ɗaya. Sai a 2024 gwamnatin Mahamat Deby ta fitar da sefa biliyan 10 aka raba wa mutum sama da dubu goma, kowa ya tashi da ƙasa da sefa miliyan ɗaya, ciki har da waɗanda kotu ta ce haƙƙinsu miliyan 15 ne ko 20.